Ƙyallena a Bangon Littafin Gwaggo

A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin ina aji huɗu na sakandare, babu yarinyar da take tambayar babba wane littafi za ta karanta. Mun san amsarsu tun kafin su buɗe baki: ajiye wannan shirmen ki ɗauki na makaranta. To tunda haka ne, sai muka koma tambayar junanmu, muka kuma samo hanyar yin tambayar ba tare da kowa ya ji ba.

Akwai wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai cajin waya da mai awara, inda ake ba da hayar littattafan Hausa. Waya ta fara shigowa hannun sa'anninmu, amma ba kowa ba, mu dai har lokacin takarda muke bi. Matsalar littattafan nan bangonsu ne. Kusan kowanne da hoton mace ta sha kwalliya tana kallon gefe, ko da labarin da ke ciki na tsohuwa ne mai sayar da daddawa. Idan yayanki ya gani ya ƙwace, idan malamin Islamiyya ya gani a jakarki kin shiga uku. Da farko da takardar kalanda muke naɗewa, ita kuwa kafin littafi ya zaga gida biyu ta yage. Sai wata a cikinmu, wadda uwarta ke ɗinki, ta ɗauki ƙyallen atamfa ta yi wa wani littafi riga da allura da zare. Mai shago bai hana ba, don ya ga littafinsa ya daina zubar da shafi.

Daga nan abin ya zama doka, ban ma san wadda ta kafa ta ba. Ba kowane littafi ake yi wa riga ba, sai wanda kika karanta har ƙarshe kika yarda ki tsaya masa. Kuma ba da kowane ƙyalle ba, sai ragowar atamfar da kika yi sallah da ita, wadda duk unguwa ta gan ki a ciki. Saboda haka idan yarinya ta taso daga Daurawa ta shigo shagon ta ga littafi cikin shuɗiya mai zanen tsuntsaye, ta san 'yar gidan mai gurasa ce ta tsaya masa, kuma ta san za a sha kuka, don waccan ba ta ɗinka wa littafi sai ya sa ta jiƙa filo. Mai ja da baƙi labarin aljanu take so. Tawa koriya ce mai zanen fanka.

Ni marowaciya ce a wannan fanni, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Sai in karanta littafi bayan littafi ban zura zare a allura ba. Abin da nake nema ba wani mai yawa ba ne. Ina so yarinyar cikin labarin ta yi magana irin tamu, ta yi laifi, ta yi ƙarya ta ji kunya, ta faɗi jarrabawa ta rasa yadda za ta shiga gida. Na gaji da saurayin da ya dawo daga Turai da mota mai baƙin gilashi, wanda bai taɓa tsayawa layin mai ba. Na gaji da kyakkyawar da ko daga barci ta tashi jan bakinta yana nan daram. Littafin da na fara yi wa koriyar riga labarin wata yarinya ne da ta ɓatar da akuyar kakarta ranar kasuwa ta yini tana nema. Babu soyayya a ciki ko ta ƙwayar zarra, amma da na gama sai da na fita tsakar gida na sha iska.

Ranar Alhamis babu Islamiyya, sai mu taru bayan la'asar a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu, ana tsifar kai ana yi wa marubuta fiɗa.

"Wallahi wannan matar ba ta taɓa shiga adaidaita ba," in ji 'yar gidan mai gurasa wata rana. "Wai an tashi daga Unguwa Uku an isa Kurna kafin su gama gaisawa. A wace Kanon?"

"Ke dai ki ce littafin bai sa ki kuka ba," in ji wata.

"Ya sa ni mana, kukan takaici."

Ni kuma na ce, "Ku duba min wannan. Yaro ya gan ta sau ɗaya a biki, wai har an kwantar da shi asibiti. Mu nan an gan mu sau dubu a layin nan, ko ciwon kai ba wanda ya yi."

Haka muke yi har a kira magariba, kowacce da ra'ayinta, ba mai sauka. Wasu suna son a mutu a ƙarshe, wasu sun ce in dai za a mutu a gaya musu tun farko kar su ɓata lokacinsu. Amma duk gardamar nan a baki take tsayawa. Idan aka zo kan ƙyalle babu wasa, babu alfarma, babu wadda ke ɗinkawa don a faranta wa wata.

A cikinmu akwai wadda na fi shaƙuwa da ita. Babanta direban adaidaita ne, sun taso daga wani ƙauye ta wajen Sumaila suka kama haya a Darmanawa. Ta shiga boko a makare, saboda haka karatunta a hankali yake, da yatsa take bin layi leɓenta na motsi. Littafin da zan cinye a yini ɗaya, ita sai ta daɗe tana fama da shi tsakanin wanke-wanke da rainon ƙanne. Shi ya sa ta ce min ita ba ta da lokacin gwaji. "Ni koriya kawai nake ɗauka," ta ce. "In dai kin ɗinka, na san wahalata ba za ta tafi a banza ba." Ban taɓa samun yabon da ya yi min daɗi kamar wannan ba, ban kuma taɓa samun wanda ya ɗora min nauyi kamarsa ba.

Yanzu sai Gwaggo. Yayar Baba ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta yi ritaya ta zauna a gidanta na Tarauni, bayan kasuwa. A cinyarta na koyi haɗa baƙi, da tsofaffin jaridu. Ita ke yi min kayan sallah kowace shekara. Koriyar atamfar nan ma ita ta saya, turmi biyu, aka ɗinka min ɗaya, ɗayan ta ce ta ajiye min a durowarta sai na ƙara tsawo. Ina son matar nan ƙwarai, ina kuma tsoronta, kamar yadda rabin matan Tarauni da suka bi ta hannunta suke tsoronta har da 'ya'yansu a goye.

Da ta yi ritaya sai ta ce za ta rubuta wa 'yan mata littafin da ya dace da su, tunda na kasuwa duk sun lalace. Gwaggo kuwa in ta ce za ta yi, an gama. Ta rubuta, ta kai maɗaba'a, aka bugo, ni ta fara miƙa wa. Na karanta har ƙarshe, don ba na yanke wa littafi hukunci a rabi. Labarin wata yarinya ne da ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Ƙawayenta kuwa duk sun lalace ɗaya bayan ɗaya, kowacce a nata babin, kuma a ƙarshen kowane babi yarinyar takan tsaya ta jero musu darasi. Duk sanda ta buɗe baki muryar Gwaggo nake ji a filin asembili. Hausar tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma ban haɗu da mai numfashi a cikinsa ba.

Da ta tambaye ni na ce, "Allah ya ƙara basira, Gwaggo." Ta ce amin. Na ɗauka an wuce wurin.

Ashe ta kai wasu shagon haya. Suka zauna a kan kantar shagon ba wadda ta taɓa su. Gwaggo ba mai zama ta zuba ido ba ce, ta je ta tsare mai shago da tambaya. Shi kuma bawan Allah iyakar saninsa abin da ke fita da abin da ke zama. Ya ce mata, Hajiya, yaran nan masu rigar atamfa suke ɗauka, musamman wannan koriyar, ba ta kwana a shago. Gwaggo ta duba ta gane atamfar. Har murna ta yi, ta ɗauka ado ne ke jan hankalinmu, abin yara. Ta koma gida ta ciro turmin da ta ajiye min, ta kai wa wani tela a Unguwa Uku, ya yanka ya ɗinka wa littattafanta riguna da keke, har da kalmasa. Duk wannan daga baya na ji shi.

Abin da na fara lura da shi shi ne ƙawata ta Darmanawa ta ɗauke ƙafa. Sai wata Alhamis ta shigo, ba ta cire hijabi ba, ba ta zauna ba. Ta ciro littafi daga jaka ta ajiye a gabana kan tabarma, cikin koriyar riga mai zanen fanka.

"Na gama," ta ce. "Har shafin ƙarshe. Kullum ina cewa yanzu zan zo wurin da ya sa kika ɗinka masa. Har wake na ƙona a kansa. Ina wurin yake? Nuna min, ƙila ni ce ban gane ba."

Wannan "ƙila ni ce ban gane ba" ita ta fi ƙona min rai. Yarinyar da ta yi ta fama har ta fara yarda da karatunta, yau ga ta tana zargin kanta saboda atamfata. Na buɗe littafin na ga na Gwaggo ne. Na juya bangon na ga ɗinkin keke, ni kuwa da hannu nake yi, kuma kowa ya san ɗinkina a karkace yake tafiya. Na ce wallahi tallahi ba ni ba ce.

'Yar gidan mai gurasa ta taɓe baki. "Atamfarki ce, gwaggonki ce. Har 'yan Daurawa sun ɗauka, suna can suna zaginki. Cewa ake yi kin fara ɗinka wa dangi."

Wata ta ce zanin aro dai ba ya rufe katara. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Na zari hijabi, na ɗauki rezar da nake fiƙe fensir da ita, na nufi shagon. Ƙawata ta Darmanawa ta biyo ni. Suna nan a jere a kan kanta, koraye shar, kamar 'yan anko. Na ɗauko na farko na sa reza a ɗinkin.

"Ke! Ke 'yar nan!" in ji mai shago. "Kayan Hajiya ne fa!"

Na ce, "Littafin nata ne, Malam, rigar tawa ce."

Ya yi ta faɗa, mai awara ta leƙo, mai caji ya leƙo, ni dai ina farkewa ina miƙa wa ƙawata ƙyallayen tana riƙewa. Ban yaga ko shafi ɗaya ba. Na mayar da littattafan na jera su yadda na same su, na ce masa duk wadda ta dawo da mai koriyar riga ya ajiye min. A hanyar komawa ƙawata ta ce, "Ashe dai na gane." Na ce mata ta gane sarai.

Kafin magariba labari ya je Tarauni ya dawo. Baba ma'aikacin gwamnati ne mai sanyin hali, ba ya duka ba ya zagi, amma a kan yayarsa ba ya wasa. Ya kira ni falo.

"Ke har kin yi girman da za ki tozarta yayata a bakin titi? Matar da ta koya miki karatun da kike taƙama da shi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gobe in an sauko daga masallaci za mu je ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce littafi ba daga kan rimi ake hango shi ba, a hannu ake riƙe shi, kuma mu aka ce an rubuta wa.

Washegari muka je. Muka shiga falon Gwaggo. A tsakiyar ɗakin ga wani kwali cike da littattafan, duk cikin koriyar riga, waɗanda ta shirya rabawa a makarantu. Ita tana zaune a kujerarta, tabarau a hanci, guda ɗaya a cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Bai kamata in yi a bakin titi ba, wurinki ya kamata in fara zuwa."

"Na ji wannan," ta ce. "Abin da nake so in ji daban ne. Me atamfar ta yi miki? Ni na saya, ni na ajiye."

Sai na yi mata bayani tun daga takardar kalanda har zuwa waken da ya ƙone a Darmanawa. Baba ya ce ya isa haka. Gwaggo ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya yi shiru kamar ɗan aji ɗaya. Da na gama ta dubi littafin da ke cinyarta.

"Wato sa hannu ne," ta ce.

"E, Gwaggo."

"Ni kuma na je na sa miki hannu ba da saninki ba." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Mace ce da ta kori ɗalibai a kan irin wannan, ba sai an ƙara mata bayani ba. "To ban sani ba. Yanzu na sani, kuma ina tambayarki da bakina. Ai kin karanta shi. Ki bar rigunan, ki tsaya masa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Ba zan iya ba, Gwaggo."

"Saboda me?"

Na ce, "Yarinyar ba ta taɓa yin laifi ba. Mu kuwa kullum cikin laifi muke. Duk wadda ta karanta, a cikin lalatattun ƙawayen take ganin kanta, babi bayan babi ana nuna ta da yatsa. Wa zai so littafin da ba ya son sa?"

"Ni ban ƙi ku ba," ta ce. "Don ku na zauna na rubuta shi."

"Na sani, Gwaggo. Amma ba a ji hakan a ciki ba."

Baba ya yi salati ya dafe kai. Ni kuwa jira nake ta tashi ta kore ni, ko ta yi min irin faɗan da ake jin labarinsa har Unguwa Uku. Ba ta yi ba. Ta jawo durowar gefen kujera, ta lalubo sabuwar reza cikin takardarta, ta miƙo min.

"Cire kayanki."

Na zauna dirshan a kan kafet na jawo kwalin. Ɗinkin keke ba kamar na hannu ba ne, sai ka bi shi a hankali, in ka yi gaggawa ka yanki bango. Ina farkewa ina ajiye littafi a dama, ƙyalle a hagu. Hawaye suka zo ban gayyace su ba, na riƙa sharewa da bayan hannu don kar su ɗiga a takarda. Baba ya kasa zama ya fita baranda. Aka kira la'asar ina yi, muka yi salla ni da ita, na dawo na ci gaba. Ita dai tana zaune tana kallon littattafanta suna fitowa tsirara ɗaya bayan ɗaya, ba ta kau da kai ba. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma hannuna bai tsaya ba.

Kwalin ya ƙare. Na tattara ƙyallayen na ɗaure su wuri ɗaya. Saura na cinyarta.

Ta ga inda idona ya tsaya, sai ta ɗora tafin hannu a kansa. "Wannan nawa ne," ta ce. "Ba shago za shi ba, ba makaranta za shi ba. A ɗakina zai zauna. Ki bar min shi a haka."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakin Gwaggo ba. Ba umarni ba ne, roƙo ne, kuma ni take roƙo, ni da ta yi wa wanka. Wallahi na so in bari. Na ce a raina wa zai gani? Sai zuciyata ta ba ni amsa, ita za ta gani. Kullum ta tashi za ta gan shi a gefen gado cikin atamfata, yau da gobe har ta manta yadda aka yi, ta ɗauka na tsaya masa. Na ƙi yi wa 'yan Daurawa ƙarya, waɗanda ko gidajensu ban sani ba, sai kuma in zo in bar wa Gwaggo ita a ɗaki?

Na miƙa hannu. "Gwaggo, shi ma."

Ta dube ni, ta dubi hannun. Na ji motsin Baba a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san kafaɗata ta fara ciwo kafin ta ɗauke tafinta ta ɗora min littafin.

Shi na fi daɗewa a kai. Na bi ɗinkin zare bayan zare, na cire rigar, na shafe bangon da tafin hannu, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta kife shi a kan tebur. Ta ce in gaida mutan gida.

An sha ce min tun daga ranar, har da Baba a mota muna komawa, me zai ragu a jikina da na bar wa dattijuwa guda ɗaya tak. Na san abin da zai ragu. Har yau idan na tuna hannun nan nawa a miƙe a tsakiyar falonta sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in janye shi ba.